INA SUNAN KAKANKA YAKE A RUBUCE?

Jawabi ga dattawa, shugabannin zumuntar mata da matasan ikilisiyoyinmu na Yauri, Ngaski da Shanga

 

An ba mu magana a kan neman tarihin iyali ta wurin takardun kotu da gidajen adana tarihi. Watakila wani zai ce a ransa, me ya haɗa fasto da tonon tsofaffin takardu? To, bari mu buɗe Littafin Ezra sura 2, daga aya 59 zuwa 63. Sa'ad da jama'ar Allah suka komo daga bauta a Babila, an sami waɗansu iyalai da suka kasa nuna gidajen kakanninsu. A cikinsu har da zuriyar firistoci. Sun nemi sunayensu a littafin asali, ba su samu ba, sai aka dakatar da su daga aikin firist. Ba a ce sun yi sata ba, ba a ce sun bi gumaka ba. Takarda ce kawai ta ɓace a cikin hargitsin ƙaura, 'ya'ya kuma suka biya bashin.

'Yan'uwa, mu ma jama'ar ƙaura ce. Abin da muke so mu bar muku yau guda ɗaya ne: tarihin gidajenmu yana nan a warwatse, rabi a bakin tsofaffi, rabi a takardu, kuma aikin wannan tsara ne ta haɗa su tun masu bakin suna da rai.

ABIN DA RUWA YA RUFE

An fara gina madatsar Kainji a 1964, ruwa ya taru a 1968, aka buɗe ta a farkon 1969 a zamanin Janar Yakubu Gowon. Tafkin da ya haifar ya mamaye fiye da murabba'in kilomita 1,200, kuma an tayar da mutane wajen 44,000 daga mazauninsu. Tsohuwar Bussa ta nutse, gungu da yawa na Gungawa sun nutse, haka ma fadamu da tungayen Kambari, Lopawa, Shangawa da sauransu a gaɓar Kwara.

Ku lura da abin da ya tafi tare da gidajen. Kafin madatsar, littafin tarihin ƙauye shi ne ƙasar kanta. Dattijo zai nuna maka kuka ya ce nan kakanmu ya fara sauka. Zai nuna maka dutse ya ce daga nan gonarmu ta tsaya. Zai nuna maka kushewa ya kira sunan mai ita da sunan ubansa. Yaro yana koyon asalinsa yana tafiya gona, ba tare da an zaunar da shi ba. Da ruwa ya rufe kukar da dutsen da kushewar, sai ya rage tarihin yana cikin kan mutane kaɗai.

Yanzu ku yi lissafi. Wanda yake ɗan shekara 15 a 1968, yau ya haura shekara 70. Wanda yake magidanci a lokacin, wanda ya san iyakar gona da idonsa, ya haura 80 in yana raye. Kowace jana'iza da muke yi ta irin waɗannan iyaye, muna binne ƙauye guda tare da su. Ga kuma rashin tsaro na 'yan shekarun nan, wanda ya sa iyalai da dama suka bar gida cikin dare ba tare da sun ɗauki ko takarda ɗaya ba.

ME YA SA WANNAN YA SHAFE MU

Na fari, gona. A wani hukunci na 1976, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta bayyana hanyoyi biyar da mutum zai tabbatar ƙasa tasa ce, kuma ta farko a cikinsu ita ce tarihin gargajiya. Amma kotu ba ta karɓar “ai gonar kakanmu ce” kawai. Tana so a faɗi wanda ya fara saran dajin, da yadda ya same shi, da sunayen waɗanda suka gaje shi ɗaya bayan ɗaya har zuwa kan mai magana, ba tare da giɓi ba. Iyali da yawa suna da gaskiya, amma sun faɗi a shari'a domin sun kasa jera sunaye huɗu ko biyar. Ga mu da aka ba sabon mazauni bayan madatsar, dole mu san wanda ya ba da filin, da shekarar, da shaidu.

Na biyu, takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Ɗanka ba zai shiga soja ko 'yan sanda, ko ya sami gurbin karatu ko tallafin gwamnati cikin sauƙi ba sai da ita. Kafin a ba shi, mai unguwa ko dagaci da hakimi sukan tabbatar sun san gidansu. Yaron da aka haifa a Kaduna ko Legas, mai sunan Littafi Mai Tsarki, wanda bai san sunan ƙauyen kakansa ba, yakan sha wuya ƙwarai a wannan wuri.

Na uku, gwauraye da marayu. Sau nawa muka ga an tashi rabon gado, ba takardar aure, ba takardar haihuwar yara, ba wasiyya, matar ta koma gidan ubanta hannu wofi? A Littafin Ƙidaya sura 27, 'ya'yan Zelofehad mata biyar sun tsaya gaban Musa suka sami gādon mahaifinsu, marubucin kuma ya jera asalinsu har zuwa kan Manassa ɗan Yusufu. Sanin asali ya tsaya musu a ranar da ba su da ɗan'uwa namiji.

Na huɗu, harshe da suna. Kowa a nan ya san gidan da kaka take jin Reshe ko Kambarci, uba yana ji amma ba ya mayarwa, jika kuwa ko gaisuwa bai iya ba. Hausa ta zama mana alheri, da ita muke sujada, da ita muke wannan taro, tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Amma bai kamata alheri ɗaya ya cinye ɗaya ba.

A FARA DA BAKIN DATTIJO

Kuskuren da masu ɗoki suke yi shi ne su tashi sai Kaduna, su ce a ba su takardar kakansu. Ba haka ake yi ba. Takardun gwamnati ba a jere suke da sunan talaka ba, a jere suke da sunan ƙasa, da gunduma, da shekara. In ba ka san sunan tsohon ƙauyenku ba, da dagacin da ya yi zamani da kakanka, da hakimin da kuke bi, to ka je ne ka kalli kabad. Da tsohuwar zuma ake magani. A fara daga gida.

Ku matasa, ku je wurin tsoho da ladabi, da ɗan goro ko sabulu, a lokacin da ya huta. Ku nemi izini kafin ku ɗauki muryarsa a waya. Ku bar shi ya yi magana da harshensa, domin sunayen wurare da na dangi sukan ɓace in aka juya su Hausa. Kada ku manta da tsofaffin mata. Su suka san wa ya auri wa, daga wane gungu aka kawo amarya, da yaran da suka rasu suna ƙanana waɗanda maza ba sa ƙirgawa.

Ku tambayi sunayen mutum duka. Kakanninmu da yawa suna da suna uku: na gida da harshensu, na Hausa da aka san su da shi a kasuwa da wurin haraji, da na baftisma. Wani kuma da ya shiga makaranta sai malami ya liƙa masa sunan gari a matsayin sunan uba. In ba ku rubuta duka ba, za ku ga kakanku a takarda ku wuce shi.

Tsoho ba zai ba ku shekara da lamba ba, amma zai ba ku alama. Ku riƙe waɗannan a hannu: yaƙe-yaƙen Nagwamatse kafin Turawa su ci Kontagora a 1901; tawayen Bussa na 1915; annobar mura ta 1918; tafiyar soja Bama a yaƙin duniya na biyu, wanda ya ƙare a 1945; hawan Sarkin Yauri Muhammadu Tukur a 1955; 'yancin kai a 1960; yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970; tashin ruwa a 1968; canjin kuɗi zuwa naira da kwabo a 1973; da makarantar kyauta ta 1976. In tsohuwa ta ce tana goyon ɗanta na fari aka canza kuɗi, kun sami shekarar haihuwarsa.

TAKARDUN GIDA DA NA IKILISIYA

Bayan baki, sai akwati. Ku roƙi iyaye su buɗe tsohuwar adaka. A ciki akan sami rasit na haraji, katin baftisma, katin asibiti, takardar sallama daga soja, takardar diyya ko ta rabon gida a lokacin ƙaura, katin zaɓe, da hotuna. Rasit ɗin haraji ƙaramin abu ne, amma yana ɗauke da suna, ƙauye da shekara, wato yana shaida cewa mutumin yana zaune a wurin a wannan shekara. Ku duba bangon tsohon Littafi Mai Tsarki na gida, domin masu bi na fari sukan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu a nan.

Sa'an nan ikilisiya. A nan muke da gata da ba mu san darajarta ba. Mishan ɗin da ya haifi UMCA ya buɗe tasha a Salka da Zuru a shekarun 1920, daga baya ya iso Yelwa. Limaman Katolika na ƙungiyar Dominikan sun kama aiki a ƙasar Sakkwato a shekarun 1950, suka zauna a Yelwa su ma. Duk inda mishan ya zauna, akwai rajistar baftisma, ta aure, ta makaranta, ta ɗakin magani. A wurare da yawa waɗannan su ne takardun farko da aka taɓa rubuta sunan talakan ƙauye tare da sunan ubansa da uwarsa. Ku tambayi fasto ko fada, ku tambayi ofishin gunduma ko na dayosis. Wasiƙu da hotunan Turawan mishan na UMCA kuma akwai su a ma'ajin ikilisiyarsu a jihar Indiyana ta Amurka, kuma yau ana iya rubuta musu ta intanet.

Game da aure, bari mu ja kunne. Albarkar aure a majami'a daban, auren rajista ƙarƙashin dokar aure ta ƙasa daban. Na biyun yana bukatar sanarwa a wurin magatakardan aure, da majami'ar da take da lasisi, da takarda mai lamba. Irin auren da mutum ya yi yana iya shafar dokar da kotu za ta bi wajen rabon gādonsa. Kowane dattijo ya duba takardar da ke hannunsa, ya san wace iri ce.

KOTU, ƘARAMAR HUKUMA DA FADA

Yanzu mu zo kan kotu. Mutanenmu suna tsoron ƙofar kotu, amma kotu ita ce wurin da talaka ya fi barin sawu. A zamanin En'e akwai kotun alkali, da kotun sarki, da kotunan gargajiya. Daga 1968 aka ƙwace su daga hannun En'e aka mai da su kotunan yanki ƙarƙashin gwamnatin jiha. A 2000 jihar Kebbi ta shiga sahun jihohin da suka kafa kotunan shari'a. Ban da su akwai kotun majistare da babbar kotu. Saboda waɗannan canje-canje, tambayar farko da za ka yi wa magatakarda ita ce: wace kotu ta gaji littattafan tsohuwar kotun garinmu?

Me ake samu a littafin kotu? Shari'ar iyakar gona, rabon gado, rabuwar aure da biyan sadaki, bashi, rikicin wurin su. Amfaninsu ga mai neman asali shi ne, kafin a yanke hukunci sai an rubuta sunan mai ƙara da na ubansa da ƙauyensa, an kira shaidu, kowa ya faɗi dangantakarsa. Shari'ar gona ɗaya tana iya ba ka tsara uku a shafi biyu. Saboda haka in tsoho ya ce “an taɓa kai mu gaban alkali a kan fadamar nan”, kada ku bar maganar ta wuce. Ku tambayi wace kotu, zamanin wane alkali, da wa aka yi.

In za ka je, ka rubuta takardar roƙo zuwa ga magatakardan kotu, ka sa sunayen masu shari'ar da kimanin shekarar. Ka roƙi kwafi mai hatimi da sa hannun kotu, domin shi ne doka take karɓa a matsayin shaida. Ka biya kuɗin da aka ƙayyade, ka karɓi rasit. Ka tafi da haƙuri, domin gara da ɗigon ruwa sun riga mu zuwa wurare da yawa. Tsofaffin littattafan alkali kuma da Larabci ko ajami aka rubuta da dama daga cikinsu, don haka za ka bukaci malami ya karanta maka. Ka nemi maƙwabcinka Musulmi mai ilimi cikin mutunci, ka biya shi wahalarsa.

A babbar kotu akwai sashen wasiyya da gādo, kuma a kotu ake yin takardar rantsuwar shekaru. Wannan ta ƙarshe ku riƙe ta da hankali: abin da mai rantsuwa ya faɗa ne aka rubuta, kuma kun san yadda ake rage shekaru saboda aiki.

A sakatariyar ƙaramar hukuma, a Yelwa ko Wara ko Shanga, ku nemi sashen filaye. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar riƙon fili na gargajiya a karkara, gwamna kuma yana ba da ta birni. Rajistar haihuwa da mutuwa tana hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Sai kuma fada: dagaci, hakimi da majalisar masarauta suna riƙe da jerin sarauta da tarihin kafa garuruwa, kuma sasancin gona da yawa a gabansu aka yi. A je musu da gaisuwa irin ta 'ya'ya, gama iyayen ƙasa ne.

KADUNA DA SAKKWATO

Sai bayan ka gama waɗannan ka kama hanyar nesa. Ma'ajin Tarihi na Ƙasa yana da reshe a Kaduna, inda aka tara takardun mulkin Arewa. A Kaduna ɗin kuma akwai Gidan Arewa, cibiyar tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello. A Sakkwato akwai gidan tarihi na Waziri Junaidu.

Ku san ƙarƙashin wa aka ajiye mu. A farkon mulkin Turawa Yauri tana lardin Kontagora, a shekarun 1920 aka mai da ita lardin Sakkwato. A 1967 muka shiga jihar Arewa maso Yamma, a 1976 jihar Sakkwato, a 1991 jihar Kebbi. In kakanka ya ƙetaro daga Borgu ne, ka duba takardun lardin Ilorin. Ku tuna Ezra sura 6: Sarki Dariyus ya sa a bincika ma'aji a Babila, amma a Akmeta ta ƙasar Mediya aka sami takardar Sairus, kuma ita ta sa aka ci gaba da ginin Haikali. Takarda takan fito inda ba a fara nema ba.

Abin da ya fi amfani a Kaduna shi ne rahotannin ƙiyasin haraji. Jami'in Bature yakan zaga gunduma ƙauye ƙauye, ya rubuta sunan ƙauyen, da mai garinsa, da yawan maza da mata da yara, da ƙabilarsu, da abin da suke nomawa, wani lokaci da labarin inda suka fito. Da wuya ka ga sunan kakanka in ba mai sarauta ba ne. Amma za ka ga ƙauyenku da ruwa ya cinye, da sunansa, da yawan mutanensa, a shekarar da ba a haifi mahaifinka ba. Ka gwada rubutu iri iri, gama Turawa sun rubuta Yauri da Yawuri, Wara da Warra, Kambari da Kamberi.

Waɗansu sun riga sun share mana hanya. Wani jami'in mulki, P. G. Harris, ya buga bayani a kan Yauri da mutanenta a 1930. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda ya shugabanci jami'ar Sakkwato, ya yi bincike mai zurfi a kan sarautun Yawuri da Maginga. Wani Ba'amurke, Frank Salamone, ya yi rubutu a kan Gungawa da yadda suke rikiɗa su zama Yaurawa. A Sabuwar Bussa kuma, cibiyar binciken kifi ta tarayya, wadda ta samo asali daga aikin binciken tafkin Kainji, tana da rahotanni a kan tafkin da masuntansa. Matasanmu da ke jami'a su nemo mana waɗannan.

GARGAƊI UKU

Na ɗaya, ba duk abin da ke takarda ne gaskiya ba. Bature ya rubuta abin da tafinta ya gaya masa, tafinta kuma sau da yawa ɗan fada ne. Mutane sun ɓoye 'ya'yansu saboda haraji da aikin tilas. An kira kakanninmu da sunayen raini a cikin waɗannan rahotanni. Haka kuma ba duk abin da tsoho ya faɗa ne daidai ba, gama kowa yana so kakansa ya zama jarumi. Maganar Allah ta koya mana a kafa magana da shaidu biyu ko uku. Ku aza baki a kan takarda, takarda a kan baki, inda suka saɓa ku rubuta duka biyun.

Na biyu, za ku tarar da abin da ba ku so. Ƙasar nan ta sha harin bayi. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilu 1901 ɗa ne, amma sai 1936 aka soke bauta ɗungum a Arewa, kuma kotuna sun riƙa rubuta waɗanda suka fanshi kansu. Wani zai gano kakarsa kamammiya ce, wani zai gano kakansa ne ya sayar da mutum, wani zai gano matsafi. Ku buɗe Matiyu sura 1. A cikin asalin Ubangijinmu akwai Tamar, akwai Rahab, akwai Rut baƙuwa daga Mowab, akwai matar Uriya. Ruhu Mai Tsarki bai goge su ba. Kada kowa ya ji kunyar nasa, kada kuma kowa ya ɗauki asirin gidan wani ya yi masa gori, ko ya hana aure da shi. Ba kuwa muna tono domin mu nemo la'anar kakanni ko mu yi musu hadaya ba. Wanda yake cikin Almasihu an riga an fanshe shi.

Na uku, Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti a kan lissafin asali marar iyaka wanda ba ya haifar da komai sai gardama. In bincikenmu zai zama makamin cewa mu ne 'yan ƙasa, wancan baƙo ne, to mun ɓata. Gaskiyar da za ku tarar ita ce, gida ɗaya ya rabu uku: wani reshe Kirista, wani Musulmi, wani yana kan al'ada. Kaka ɗaya, gungu ɗaya. Rabin labarinku yana hannun baffanku da yake salla. Ku je ku gaishe shi, ku ba shi kwafin abin da kuka samu. Zumunta a ƙafa take.

ABIN DA MUKE ROƘO

A 1806 Mungo Park ya mutu a ruwan Bussa. A 1830 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka zo har Yauri, suka yi makonni suna neman littafin tafiyarsa. Shekara 24 kacal, ga gwamnatin Ingila a bayansu, amma ba su same shi ba. Mu shekara fiye da 50 ke nan da tashin ruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka muna roƙon kowace ikilisiya ta yi abu biyar kafin ƙarshen shekara.

1. A naɗa mutum uku: dattijo ɗaya, mace ɗaya daga zumunta, matashi ɗaya mai iya rubutu da waya.

2. A rubuta sunan duk wanda ya haura shekara 70 a ikilisiya da unguwa, a ziyarce su ɗaya ɗaya, a fara da wanda ya fi rauni.

3. A fito da rajistar baftisma, ta aure da ta jana'iza, a ɗauki hoton kowane shafi. In babu rajista, a sayi littafi mai bango mai ƙarfi a buɗe ta wannan Lahadi.

4. Kowane magidanci ya rubuta asalinsa zuwa tsara huɗu, ta uba da ta uwa, da iyakar gonarsa, da shaidu, ya sa hannu. A yi wa kowane yaro takardar haihuwa.

5. A ajiye kwafi a wuri uku: gida, ofishin gunduma, da hannun wani ɗa da ke zaune a wani gari. Asalin takarda a sa ta a akwatin ƙarfe, a ɗaga ta daga ƙasa.

A Irmiya sura 32, sojojin Babila suna kewaye da Urushalima, annabin yana tsare, amma ya sayi gona a Anatot da shekel 17 na azurfa. Ya rubuta takarda, ya kira shaidu, ya ba Baruk, ya umarta a sa ta cikin tukunyar ƙasa domin ta daɗe. Mutumin da ya yi haka ya gaskata cewa Allah zai komo da jama'arsa, kuma jikoki za su bukaci takardar. Adana tarihi aikin masu bege ne.

A ƙarshe, 'yan'uwa, akwai littafi guda da gara ba ta ci, ruwa ba ya rufewa, wuta ba ta ƙonewa, wato Littafin Rai na Ɗan Ragon. Masu bi da yawa na fari a ƙasar nan sun mutu ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, amma Ubangiji ya san nasa. Kowa ya tabbata sunansa yana can. Sa'an nan, da yake muna da alƙalami da takarda da waya, mu rubuta na iyayenmu a nan ma, domin girmama uba da uwa doka ce mai alkawari.

Ubangiji ya ba dattawanmu tsawon rai da ƙarfin tunawa, ya ba matasanmu kunnen saurare, ya ba ƙasarmu salama. Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da mu duka. Amin.